Wanzami da Jarfa: Majalisar Fastocin Birnin Janiba da Al'adar Gyaran Juna, 1541 zuwa 1580

Gabatarwa

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da sana'arsa ita ce tsaga fatar wasu, shi ne farkon mai janye fuska idan aska ta nufo shi. Haka abin yake ga duk wanda aka ɗora wa nauyin gyaran jama'a, ko alƙali ne, ko malamin makaranta, ko babban jami'in gwamnati, ko mai wa'azi. Kullum shi ne mai tambaya, wasu na amsawa. Shi ne mai tsawatawa, wasu na sunkuyar da kai. A kwana a tashi sai ya wayi gari babu wanda ke iya duban idonsa ya ce masa ya yi kuskure, kuma babu wanda zai iya kai wa kukansa idan nauyi ya yi masa yawa.

Wannan lacca za ta duba yadda wata ƙaramar ƙungiya ta shugabannin addinin Kirista ta fuskanci wannan matsala a ƙarni na 16, watau Majalisar Fastocin birnin Janiba, wanda yau yake cikin ƙasar Suwizalan. Za a bayyana dalilin kafa ta, da yadda take aiki, da inda ta yi nasara, da kuma inda ta kāsa. Abin da tarihinta ya nuna shi ne, gyaran juna a tsakanin shugabanni ba ya tabbata sai an ɗaure shi da ƙa'ida da lokaci sananne, kuma ba ya zama adalci sai babba da ƙarami sun shiga ƙarƙashinsa daidai wa daida.

Janiba Kafin 1541

A farkon ƙarni na 16 Janiba birni ne na 'yan kasuwa a bakin wani babban tabki, mutanensa kimanin 10,000, kuma bishop na Katolika shi ne sarkinsa. A wancan tsari kowane limamin majami'a yana da na gaba da shi. Bishop ne ke naɗa shi, shi ke bincikar aikinsa, shi ke hukunta shi idan ya kauce. Amma guguwar gyaran addini da Martin Luta ya tayar a Jamus a 1517 ta iso birnin. Bishop ya fita a 1533 bai sake komowa ba, aka hana sujada irin ta Katolika a 1535, sa'an nan a watan Mayu na 1536 jama'ar gari suka taru suka amince da bin tafarkin Furotesta.

Tafiyar bishop ta bar giɓi babba. Malaman addini na dā, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwa, sun watse, aka bar majami'u a hannun masu wa'azi 'yan kaɗan, yawancinsu baƙi daga Faransa. Tambayar da ta taso ita ce, tun da babu bishop, wa zai duba aikin waɗannan mutane? Majalisar gari ta ga cewa ita ce ta gāji ikon bishop. Masu wa'azi kuwa suka ga cewa 'yan siyasa ba su cancanci yanke hukunci a kan koyarwar addini ba. A kan irin wannan jayayya ne aka kori Jan Kalbin da abokin aikinsa Giyom Farel daga birnin a 1538, shekara biyu kacal bayan zuwan Kalbin.

Kalbin, wanda aka haifa a garin Noyon na Faransa a 1509, ya yi karatun shari'a ne tun asali. Ya zauna shekara uku a Sitirasbok tare da Martin Busa, inda ya ga yadda ake tsara al'amuran ikilisiya. Akwai kuma misalin birnin Zurik, inda tun 1525 Zuwingili ya kafa wani zama da malamai da ɗalibai ke haɗuwa suna nazarin Littafi Mai Tsarki tare cikin harsunansa na asali. Da al'amura suka dagule a Janiba aka roƙi Kalbin ya komo, sai ya komo a watan Satumba na 1541, kuma abu na farko da ya nema shi ne a rubuta dokokin ikilisiya. Aka rubuta, majalisar gari ta yi musu gyare-gyare, aka zartar da su a watan Nuwamba na wannan shekara.

Tsarin Majalisar Fastoci

Dokokin 1541 sun raba aikin ikilisiya gida huɗu: fastoci, da malamai masu koyarwa, da dattawa masu lura da halin jama'a, da dikinoni masu kula da matalauta da marasa lafiya. Dattawa 12 tare da fastoci su ne ke zama kowace Alhamis domin sauraron ƙararrakin mutanen gari, kamar rikicin aure da faɗa da maye. Wannan kotu ita ce ta fi suna a tarihi. Amma dokokin sun tanadi wani abu dabam domin su fastocin kansu, kuma shi ne abin da ya shafi wannan lacca.

Aikin da bishop yake yi shi kaɗai a dā, sai aka ɗora shi a wuyan fastoci baki ɗayansu. Su ne ke jarraba mai neman shiga aikin, su gwada iliminsa da wa'azinsa, su binciki halinsa, sa'an nan su gabatar da shi ga majalisar gari, daga nan a gabatar da shi ga jama'a. Bisa ga doka babu fasto da ya fi wani muƙami. Akwai dai mai jagorancin zama, kuma Kalbin ne ya riƙe wannan kujera har ƙarshen ransa.

Ginshiƙi na farko na tsarin shi ne taron mako-mako da ake yi ran Juma'a da safe. Fasto ɗaya, wanda layi ya zo kansa, zai tashi ya yi bayanin wani yanki na Littafi Mai Tsarki, sauran su saurara, sa'an nan su ƙara abin da ya rage ko su gyara abin da ya karkace. Ƙofar wannan zama a buɗe take ga mutanen gari, har ma sukan yi tambaya. Bayan an sallami jama'a sai fastoci su keɓe su tattauna al'amuransu. Babu wanda aka yarda ya yi fashi ba tare da hujja ba, fastocin ƙauyuka kuwa, saboda nisa, an nemi su halarta aƙalla sau ɗaya a wata. Hikimar wannan a fili take. Mai wa'azin da ya san cewa takwarorinsa masu ilimi za su saurare shi ba zai yi sake da karatu ba, kuma wanda fahimtarsa ta fara kaucewa za a gane tun abin bai yi nisa ba.

Ginshiƙi na biyu shi ne zaman gyaran hali da ake yi sau ɗaya a kowane wata uku, gab da Jibin Ubangiji, wanda a Janiba ake yi sau huɗu a shekara: lokacin Kirsimeti, da Ista, da Fentikos, da farkon watan Satumba. Mutanen Janiba sun kira irin wannan zama garabo, kalmar da masu sayar da kayan yaji da magunguna ke amfani da ita wajen tankaɗe, kuma masana harshe sun danganta asalinta da kalmar Larabci ta girbal, watau rariya. A wannan zama ana rufe ƙofa, a ɗauki fastoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani na aibu ga ɗan'uwansa a gaban idonsa. Abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita waje. Idan an gama sai a ci abinci tare, domin kada wani ya tashi da ƙulli a zuciya.

Abin lura a nan shi ne ba a bar ma'anar laifi ga son ran mai zargi ba. Dokokin sun jera laifuffuka kashi biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ba za a ƙyale fasto ya ci gaba da aiki da su ba, kamar koyarwar ɓata, da raba kan ikilisiya, da saɓo, da sayen muƙami, da rantsuwar ƙarya, da zina, da sata, da maye, da cin riba, da barin wurin aiki ba da izini ba. Waɗannan sukan kai mutum gaban dattawa da hukuma. Kashi na biyu su ne waɗanda 'yan'uwa za su yi wa mutum nasiha a kansu, kamar ragwanci wajen karatu, da son tambayoyin da ba su da amfani, da tsegumi, da rowa, da saurin fushi, da yawan husuma, da shigar da ba ta dace ba. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin ta ba mutum damar amsa ƙaramin laifi ba tare da tsoron rasa abincinsa ba. A 1546 aka ƙara da ziyarar shekara-shekara, inda wakilan fastoci da na majalisar gari ke zagaya majami'u su saurari wa'azi, su kuma tambayi jama'a halin fastonsu. Daga wannan shekara ne kuma littattafan da ke ɗauke da bayanin zaman Majalisar suka fara, waɗanda masana tarihi ke dogaro da su har yau.

Jarrabawar Annoba

Tsarin bai daɗe da kafuwa ba sai ya gamu da jarrabawa mai tsanani. A 1542 annoba ta shiga Janiba, aka keɓe masu cutar a wani asibiti a bayan ganuwa, aka nemi fasto da zai zauna da su. Wani mai suna Piyer Blanshe ya ba da kansa. A 1543 cutar ta kama shi ya rasu. Majalisar gari ta nemi wanda zai maye gurbinsa, amma ta ce ban da Kalbin, domin birnin ba zai iya rasa shi ba. A watan Yuni na wannan shekara sauran fastoci suka bayyana gaban majalisa suka amsa da bakinsu cewa aikin nasu ne, amma ba su da ƙarfin zuciyar zuwa.

Wannan abin kunya ne, kuma abokan gābarsu ba su manta da shi ba. Duk da haka akwai abin dubawa a ciki. Ba kasafai ake samun ƙungiyar shugabanni ta tsaya gaban hukuma ta ce tsoro ne ya hana ta aikinta ba. Abin da aka saba gani shi ne neman uzuri da ɗora wa wani laifi. A annobar da ta biyo baya cikin shekarun 1560 Majalisar ta koma ga jefa ƙuri'a domin zaɓen wanda zai tafi, saboda nauyin ya zama na kowa.

Ta fuskar taimakon juna kuwa, ya kamata a tuna cewa kusan dukan fastocin nan 'yan gudun hijira ne, ba su da dangi a gari, albashinsu ƙanƙane ne, kuma da yawa daga 'yan ƙasa suna yi musu kallon baƙi masu shisshigi. Majalisar ita ce danginsu. Ita ke kai kukan albashi da na gyaran gidaje gaban hukuma, ita ke samo wanda zai riƙe wa mara lafiya mumbarinsa. Daga cikinta kuma aka jarraba aka tura masu wa'azi zuwa Faransa a ɓoye. Littattafanta sun ambaci mutum 88 tsakanin 1555 da 1562, aikin da yake iya kai mai yinsa ga kisa.

Inda Rariya Ta Yage

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Tsarin da aka gina domin kowa ya ga nasa tudun yana iya komawa makamin masu rinjaye, kuma tarihin Janiba ya nuna haka sau da yawa.

Misali na farko shi ne na Sabastiyan Kasteliyo, shugaban makarantar birnin, mutum mai zurfin ilimi. Ya nemi zama fasto, Majalisar ta ƙi shi a 1544 saboda saɓanin fahimta a kan littafin Waƙar Waƙoƙi da wani sashe na aƙida, ko da yake ta ba shi takardar shaida cewa ba a same shi da aibun hali ba. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekara ya tashi a taron Juma'a ya kwatanta fastocin Janiba da Manzo Bulus, ya zarge su da son kai da son jin daɗi. Maimakon a auna zargin, sai Kalbin ya kai ƙararsa gaban majalisar gari, ƙarshenta ya bar Janiba ya koma birnin Basel. Ƙungiyar da ta saba da gyaran juna a ɗaki ta kāsa jure gyara daga wanda ba ya cikin ɗakin.

Misali na biyu shi ne na Filib da Eklesiya, faston wani ƙauye. A 1549 'yan'uwansa suka tsawata masa saboda wasu maganganu da ya yi a taron Juma'a, daga baya suka nemi a tsige shi. Majalisar gari ta ƙi, ta ce a yi sulhu. Aka yi ta ja-in-ja kusan shekara huɗu, aka ƙara masa da zargin cin riba, kafin a raba shi da aiki a 1553. Wannan ya nuna iyakar ikon Majalisar: tana iya yin nasiha, amma tsigewa tana hannun 'yan siyasa, waɗanda su ma suna da nasu lissafin.

Misali na uku shi ne na Jerom Bolsek, wani likita da ya taɓa zama malamin Katolika. A watan Oktoba na 1551 ya tashi a taron Juma'a ya soki koyarwar Kalbin a kan ƙaddara. Kalbin ya mayar masa da martani mai tsawo, nan take aka kama shi, aka yi masa shari'a, aka kore shi daga ƙasar Janiba a watan Disamba. Tun daga ranar kowa ya gane cewa ƙofar taron a buɗe take ga mai tambaya, amma akwai tambayar da ke kai mutum kurkuku.

Tushen matsalar shi ne, a takarda fastoci daidai suke, amma a zahiri ɗaya ya yi wa sauran nisa a ilimi da kwarjini, kuma da yawa daga waɗanda suka shigo aikin bayan 1545 mutanensa ne. Idan ra'ayin mutum ɗaya ya zama ra'ayin ɗaki, to, mai saɓa masa ya saɓa wa kowa.

Gyaran Beza

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan haɗari shi ne magajin Kalbin, watau Tiyodo Beza, shugaban farko na babbar makarantar da aka buɗe a Janiba a 1559. Da Kalbin ya rasu a 1564 aka zaɓi Beza ya jagoranci Majalisar, sai aka tsayar cewa kujerar ta shekara ɗaya ce, a sake zaɓe kowace shekara. Aka yi ta mayar da shi har shekara 16. A 1580 ya sauka, aka koma ga tsarin karɓa-karɓa, inda kowane mako wani fasto ke jagorancin zama. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron kada kujerar ta rikiɗe ta koma ta bishop da wani suna. Beza ya rayu har 1605 ana jin maganarsa, amma a matsayin ɗaya daga cikin 'yan'uwa.

Abin da zai fi jan hankalin ma'aikatan gwamnati shi ne, al'adar ba ta tsaya ga majami'a ba. A 1557 ƙaramar majalisar gari, wadda ita ce ke riƙe da mulkin yau da kullum, ta amince ta riƙa yin nata zaman garabo, inda 'yan majalisa ke faɗa wa juna kurakuransu a asirce.

Yaɗuwar Al'adar

Daga Janiba tsarin ya bazu. Ikilisiyoyin Furotesta na Faransa, waɗanda suka yi babban taronsu na farko a Faris a 1559, sun shirya fastocinsu yanki-yanki domin irin wannan zama. A Ingila tarurrukan nazarin wa'azi suka yawaita cikin shekarun 1570, har Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta ga barazana ce ga ikonta ta ba da umarnin a hana su. Babban Bishop na Kantabari, Edmon Girindal, ya ƙi bin umarnin, aka dakatar da shi a 1577. A Sikotilan irin wannan zama ne ya zama tushen majalisun yanki da aka fara kafawa a 1581. A 1653 kuma Ricad Bakista ya haɗa fastocin lardin Wusta na Ingila cikin ƙungiya guda domin taimakon juna da gyaran aiki.

Reshen wannan bishiya ya iso Nijeriya ta hanyoyi uku da aka sani. Mishan na Sikotilan ya sauka a Kalaba a 1846 ƙarƙashin Hof Wadel. Mishan na ikilisiyar Holan da ke Afirka ta Kudu ya fara aiki a ƙasar Tibi a 1911. Sa'an nan Johana Binstira daga Amurka ta iso a 1920, ta yi aiki a Lufwe kusa da Takum. Ikilisiyoyin da suka fito daga waɗannan ayyuka sun gāji mulkin majalisar fastoci da dattawa, wanda asalinsa ke komawa ga dokokin 1541.

Kammalawa

Tarihin Majalisar Fastocin Janiba ya bar darussa uku. Na farko, an sa wa gyara rana a kalanda, ba a jira sai abin kunya ya ɓarke ba, saboda haka zuwa gaban 'yan'uwa bai zama alamar tuhuma ba. Na biyu, an rubuta laifuffuka an bambanta babba da ƙarami, aka kuma haɗa tsawatawa da ɗaukar nauyin juna, domin mutum ya fi karɓar magana mai ɗaci daga bakin wanda ya taɓa tsaya masa. Na uku, tsarin ya raunana a duk lokacin da mutum ɗaya ya fi ƙarfin ɗakin, ko aka ɗauki suka daga waje a matsayin gāba. Duk wata ƙungiya ta masu riƙe da amanar jama'a da ke neman kafa irin wannan zama, ko ta addini ce ko ta aikin gwamnati, za ta gamu da waɗannan abubuwa uku.

Ran 19 ga Mayu 1564 ta kasance ranar zaman gyaran hali na kafin Fentikos. A lokacin ciwo ya kwantar da Kalbin, ba ya iya fita. Beza ya ba da labarin cewa an shirya abincin ranar a gidansa, aka ɗauko shi daga ɗakin kwanansa aka zaunar da shi tare da 'yan'uwansa, ya yi addu'a, ya ɗan taɓa abinci, sa'an nan aka mayar da shi kan gado tun ba a tashi ba. Bai sake tashi daga wannan gado ba, ya rasu ran 27 ga watan. Zamansa na ƙarshe da abokan aikinsa ya faɗo ne a ranar da aka keɓe domin kowane wanzami ya miƙa fuskarsa ga aska.